BA A CINIKIN BIRI A SAMA: ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A SAYI GIDA

Jawabin da wani malamin makarantarmu ya yi gaban taron ƴan Lugu na gida da na waje. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.



Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, shugabannin ƙungiya, yayyena da ƙannena da kunka zo daga Yamai, Dosso, Gaya, Kwatano, Legas da Abijan, ina gaishe ku, sannunku da hanya. Na gode da kunka ba yaro magana gaban manya.

Ni malamin makaranta ne, alli na sani, ban koyi gini ba. Abin da ya sa na roƙi a ba ni lokaci yau, kunya ce da na sha, kuma ba ni son wani ɗan garin ga shi sha irinta.

Wana ya yi shekara 7 shina biɗa a Kwatano. Abin da ya tara duka ya aiko mini, ya ce in saya mishi gida a Dogon Dutsi, tun da ni ne na yi karatu. A watan Maris na 2022 dillali ya kai ni wani gida: ɗaki uku, sabon fenti, sabuwar ƙofar ƙarfe, kuɗin kuma da sauƙi. Ya ce mini akwai wani mai so da za shi zo gobe da kuɗi a hannu. Na zagaya sau ɗaya, na ɗauki hoto da salula na aika wa wana, munka biya. Cikin watan Agusta, dare ɗaya, ruwa ya shiga gidan har gwiwa, bangon baya ya kwanta. Allah ya kiyaye ba kowa ciki. Da safe ina tsaye cikin laka, wata tsohuwa maƙwabciya ta ce mini: "Ɗana, da ka gaishe ni ran da ka zo, da na gaya maka nan hanyar ruwa ce tun ina amarya." Wana bai yi mini faɗa ba har yau, kuma shirun nan nashi ya fi faɗa ciwo.

Tun daga lokacin na zauna da magina, na tambayi masu aikin filaye, na rubuta abin da na koya cikin littafi. Shi na kawo muku.

A wasu ƙasashe duba gida sana'a ce mai zaman kanta. A Amurka mai saye shina ɗaukar gwani shi biya shi, shi bi gidan daga tushe har rufi, shi rubuta abin da ya gani kafin a gama ciniki. A Faransa doka ce ta tilasta wa mai saidawa shi kawo takardun bincike: na darma cikin fenti in an gina gidan kafin 1949, na wayoyin lantarki da bututun gas in sun wuce shekara 15, na gara a yankunan da take ɓarna. Mu nan, in ba mu duba da kanmu ba, ba wanda za shi duba mana. To ga abin da dubawar ta ƙunsa, bi da bi.

1. RUWA

Kafin ka shiga gidan, tsaya waje ka tambayi kanka: in sama ta zubo, ina ruwan za shi bi?

Ku bar ni in yi muku lissafin aji. Milimita 1 na ruwan sama bisa murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Fili mai mita 20 tsawo, mita 20 faɗi, murabba'in mita 400 ne. In anka yi ruwa milimita 50 cikin dare, abin da duk mun sha gani a Agusta, lita 20.000 ta sauka cikin gidan, wato ganga 100 mai cin lita 200. Wanga na gidanka ne kaɗai, ba a sa na maƙwabta da na dutse ba. Dogon Dutsi cikin kwarin Dallol Mauri take, duwatsu na bisa kanta, koramu suna gangarowa su nufi tafkuna irin su Tapkin Saw. Ruwa kuwa ba shi manta hanyarshi don an yanka filaye bisa kanta.

Saboda haka duba: tsakar gidan ta fi titi tudu, ko titi ya fi ta? In sai ka sauka za ka shiga gida, ruwa ma haka za shi sauka. Akwai kafar fitar ruwa gindin katanga, kuma ina take zubawa? Dubi bangon maƙwabta, don nasu ba a yi mishi fenti saboda kai ba: in ka ga zane ɗaya a miƙe, ƙasanshi ya fi duhu, iyakar inda ruwa ya kai ke nan. Buhunan rairayi bakin ƙofofi, da dakalin da anka ɗaga ya yi tsawo, su ma magana suke yi. Ka tambaya kuma ko wurin tsohon kududdufi ne, inda anka ɗebi ƙasar gini sannan anka cike da shara. Irin wanga wuri shina lotsawa sannu-sannu, shi ja gini.

Ƴan Yamai, ku kun fi ni sani. A Satumba ta 2020 kogin Kwara ya kai wajen mita 7 ga ma'aunin Yamai, madatsa ta ɓalle, ruwa ya ci Lamorde, Karaje da Kirkisoy. A daminar 2024 kusan mutum 400 sunka rasu cikin ƙasarmu, sama da mutum miliyan 1 abin ya shafa, kuma da yawa daga cikin mamatan ɗaki ne ya faɗo musu. A shekarar ce tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe. In wanga ya faɗi, ɗakin da anka gina da gaggawa don saidawa fa?

Shawarata: gida da rani ake yi mishi kwalliya, da damina shike faɗin gaskiya. In da hali, je ka gan shi washegarin babban ruwa. In ba hali, ka gaida tsofaffin unguwa, musamman mata, su ne ke kwashe ruwa da ƙwarya.

2. GINDIN BANGO DA TUSHE

Bango daga ƙafa shike mutuwa. Durƙusa ka duba taku biyu na ƙasa, ciki da waje. In ka ga farin gari kamar kanwa, ko fenti shina kumbura shina ɓarewa, ko ƙasa na zuba in ka taɓa, damshi ne ke hawa daga ƙasa, kuma fenti ba shi maganinshi. In ginin ƙasa ne, duba ko ruwan indararo ya ci gindin ya yi rami. Ka roƙi izini a tona ɗan rami gefen bango, ka ga zurfin tushe da abin da anka yi shi da shi, dutse, ko siminti, ko ƙasa tsura. Mai gida na gaskiya ba shi hana tonon rami ɗaya.

3. BANGO

Tsaya ga kusurwa ka sa ido ɗaya ka bi tsawon bangon: a miƙe shike ko ya yi ciki? Igiya da ɗan dutse a ƙarshenta ta isa ta nuna maka ko ya karkace.

Tsaga iri-iri ce. Ƙanana kamar gashi bisa shafe, waɗanda ba su shiga ciki ba, ba su da tsoro. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko mai bin bulo kamar matakala, ko wadda ta ratsa har ana ganinta ciki da waje. Wagga tana nufin ƙasa na motsi ƙarƙashin gini, abin da ke yawan faruwa inda laka ce, don laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani. Ƙofa ko taga da ta ƙi rufuwa daidai, ita ma shaida ce. In kana shakka, shafa ɗan siminti sirara bisa tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka komo bayan makonni: in shafen ya tsage, ginin bai daina tafiya ba.

Ku yi hankali da gidan da ake ce maka "na siminti ne". Da yawa tubalin ƙasa ne anka shafe da siminti. Wanga ba laifi ba ne in an gaya maka, an kuma yi maka kuɗin ƙasa. Amma siminti ba shi kama ƙasa da kyau, shina rabuwa, ruwa shi shiga tsakani shi ci bangon a ɓoye. Ƙwanƙwasa da bayan wuƙa: inda ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu. In kuwa bulo ne, karce shi da ƙusa inda ba shafe. In shina zuba kamar gari, an ja buhun siminti ya haifi bulo fiye da ƙarfinshi. Ka tambaya kuma ko an ɗaure ginin da ƙarfe da kankare ga kusurwoyi da bisa ƙofofi. Wanga ɗaurin shi ke riƙe ɗaki wuri ɗaya.

4. RUFI

In kwano ne, shiga da tsakar rana ka rufe ƙofa da taga ka ɗaga kai. Duk tauraron da ka gani, nan ruwa za shi zuba. In akwai silin, nemi tabon ruwa, ka sa yaro shi leƙa ciki da tocila. Duba yadda anka ɗaure itacen rufi ga bango, don iskar farkon damina ba ta tambaya. Duwatsu da bulo da ka gani an jera bisa kwano, alama ce mai gidan da kanshi bai yarda da ɗaurin ba.

In soro ne, hau bisa. Duba ko ya lotsa tsakiya inda ruwa ke kwana, ko indararo ya toshe, ko ciyawa ta tsiro. Daga ciki, soki azara da wuƙa, musamman inda ta shiga bango. Azarar giginya ta ƙwarai, irin ta wajen Gaya, tana daɗewa, amma ba kowace azara ce ita ba. Gara tana cin ciki ta bar baya lafiya lau. Hanyoyinta na ƙasa bisa bango, da garin itace a ƙasa, su ke tona ta.

In rufin kankare ne, nemi tabon tsatsa da inda siminti ya ɓare har ƙarfe ya fito. Ƙarfe in ya yi tsatsa shina kumbura shi fasa kankare, kuma gyaran wanga aiki ne mai tsada.

5. SALANGA, RIJIYA, WUTA DA FAMFO

Kada kunya ta hana ka shiga salanga. Ta kusa cika? Murfinta ya tsage? Tana jikin bangon ɗaki ko na maƙwabci? Salanga da ta rufta ta sha kashe mutane. In da rijiya cikin gida, auna da ƙafa: masana kiwon lafiya suna son mita 30 tsakanin rijiya da salanga, kuma salangar maƙwabci ma a cikin lissafi take.

In gidan da lantarki, duba akwatin ƙirgar wuta sunan wa ke kai, ka nemi takardun biya na ƙarshe, ka tafi NIGELEC ka tabbata ba bashi, ba kuma daga gidan wani anka jawo ta ba. Ka kunna kowace fitila. Waya tsirara, ko wurin da ya yi baƙin ƙuna, sai mai gyaran wuta ya gani. Gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, bar shi. Famfo ma haka: rufe duka, ka duba ko ƙirga na ci gaba da juyawa. In tana juyawa, bututu ya fashe cikin ƙasa, watakila gindin bangonka.

6. IYAKA DA TAKARDU

Iyayena, wanga shi ne babba. Bango in ya faɗi ana tada shi, amma gidan da ba na mai saidawa ba, ko da ƙarfe anka gina shi ka yi asara.

Cikin gari, inda hukuma ta yanka filaye, kowane fili shina da lambar rukuni da lambar kanshi, da duwatsun siminti ga kusurwoyi huɗu. Nemo duwatsun, ka auna da igiya, ka gwada da abin da ke rubuce. Sau da yawa katanga ta ci hanya ko filin wani. Takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, a kanta za ku ga an rubuta acte de cession. Kada ka yarda da hotonta, sai ta ainihi. Ka ɗauke ta da ƙafarka ka kai ma'aikatar, a buɗe rajista a gani ko sunan da lambar sun dace, don fili ɗaya ana saida shi ga mutum biyu har uku. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce titre foncier, wadda ake rajistarta a hukumar haraji. Tun 2006 an kawo mai sauƙinta da anka raɗa wa suna da harshenmu, Sheda. In gidan shina da ita, a bincika ko ba a jinginar da shi ga banki ba, a kuma yi cinikin gaban notaire. Bayan saye, a juya takarda ta koma sunanka. Kada ka bar ta da sunan wani ka ce sai ka dawo daga biɗa.

A ƙauye kuwa, tun dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris 1993 an kafa kwamitocin kula da ƙasa, daga na gari, wanda mai gari ke shugabanta, zuwa na gunduma irin tamu ta Dankasari, har na Dogon Dutsi da Tibiri. Su ke ba da takardar shaidar saye, ko kyauta, ko gado. Ko nan Lugu ka sayi kango hannun ɗan uwanka, a rubuta. Ku da kunka yi cinikin kun yarda da juna, jikokinku ne ba su san zancen ba.

Amma ku lura: takardar gona ba takardar filin gida ba ce. Wanda ya sayi yanki cikin gona bakin Dutsi ko bakin Yamai ya gina, ran da hukuma ta zo yanka unguwa, hanya na iya bi ta tsakar ɗakinshi. Haka filin makaranta, na kasuwa, burtali, ko shingen itatuwan nan na Yamai da anka fara dasawa a 1965: komin arha, kada ku kusance su.

7. MUTANE

Wa ke saidawa? Sunan da ke ga katinshi shi ne ke ga takarda? In wakili ne, ina takardar wakilci? In gidan gado ne, an raba? Magada duka sun yarda, har mata, har wanda ke Legas bai dawo ba? Malamanmu sun sani, abokin tarayya cikin gidan da ba a raba ba shina da haƙƙin shi fanshi rabon da anka saida wa bare. In da ƴan haya ciki, a san ranar tashinsu kafin ka biya. Dillali kuwa, ku tuna ladarshi ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Ba na ce duk maƙaryata ne ba, amma shi ba idonka ba ne. Duk wanda ya ce maka "yau ko gobe wani ya ɗauka", ce mishi Allah shi ba mai rabo.

YADDA ZA A YANKE SHAWARA

Ba gidan da ba shi da aibi, kuma ba kowane aibi ke hana saye ba. Ni kashi uku na raba su. Na farko, wanda ake rage kuɗi saboda shi: kwano mai yoyo, ƙofa, fenti, salanga da ta cika. Na biyu, wanda sai magini ya yi maka lissafin gyara kafin ka yi tayi: gara cikin azara, shafen da ya rabu, wayoyin wuta. Na uku, wanda ake juya baya a tafi: hanyar ruwa, tushen da ke motsi, takarda mai shakka, gadon da ba a raba ba.

Kada ka tafi kai ɗaya. Tafi da magini wanda ba shi ya gina gidan ba, ba kuma dillali ya kawo shi ba, ka biya shi ladar yininshi. Tafi da wanda ya iya karanta faransanci. Tafi da dattijo, don shi maƙwabta za su gaya wa abin da ba su gaya wa yaro. Ka je sau biyu ko uku, safe da marece. Kuɗi kuma kada su fita sai gaban shaidu, da takarda mai sa hannu. Duk abin da za ka kashe ga wanga bai kai kuɗin bango ɗaya ba.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Yawancin masu saye ba su nan, suna can suna aiko da guminsu, sai hoto cikin salula. Hoto kuwa ba shi nuna gindin bango. Don haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, a kowane gari da muke da mutane, Dutsi, Dosso, Yamai, a zaɓi mutum uku, magini da mai karatu da dattijo, waɗanda duk ɗan Lugu za shi iya kira kafin shi biya. Na biyu, a buga jerin abubuwan ga bisa takarda ɗaya, a riƙa cikawa ana aika wa mai kuɗin, shi yanke da kanshi. Na uku, magatakarda shi buɗe littafi inda za a ajiye hoton takardun gidan duk wanda ya so, saboda gobara, ruwa da mutuwa.

Ku kuma iyayenmu, in ɗa ya aiko da kuɗi ya ce a yi maza, ku ce mishi a yi sannu. Shekarun da ya yi shina tarawa sun fi wata ukun da za shi jira damina.

Bangon wana mun tada shi, mun ɗaga dakali, mun fidda wa ruwa hanya, amma duk sanda hadari ya haɗu gabas ba ni barci. Ita kuwa tsohuwar nan, yanzu ba ni shiga unguwar ban fara gaishe ta ba.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan. Magina na cikinmu, inda na yi kuskure su gyara mini. Inda na yi wa manya tsawon baki, a yafe mini. Allah shi ba kowa muhalli na lafiya, shi maida matafiya gida lafiya.